Neman shawara: jirgin roba da kamun kifi a duwatsun Kenya cikin Afrilu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Jos nake. Wurin aiki za su tura ni kwas Nairobi a watan Afrilu, kuma zan samu hutun kwana 2. Tun ina yaro nake jefa fatsa a kududdufan kuza na Bukuru, na daɗe ina burin kama kifin nan na ruwan sanyi, tiraut. Ina kuma son shiga jirgin roba a kogin Tana, a garin Sagana. Iyona ba wani mai ƙarfi ba ne. Lokacin ya dace? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ka ɗauko abu biyu da ba sa son lokaci ɗaya. Babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu take. Kogin Tana kan cika ya yi ƙarfi, abin da masu jirgin roba ke so ke nan. Amma kogunan kan dutse sukan yi ja da laka, shi kuwa tiraut da ido yake farauta. A can kuma ba a sa masa tana a ƙugiya irin yadda muke wa tarwaɗa, ƙudan roba ko na gashin tsuntsu ake jefa masa, in ruwa ya gurɓace ba zai gani ba. Janairu da Fabrairu sun fi. Turawan Ingila ne suka zuba shi a kogin Gura na duwatsun Abadeya a 1905, don sai a ruwa mai sanyi sosai yake rayuwa. Sai da lasisi ake kamun.

Maman Walid: Ni maganar iyon ce ta tsaya mini a rai. Ka faɗa wa jagoran jirgin gaskiya tun kafin ku shiga. Rigar hana nutsewa da hular kwano kada su bar jikinka.

Na Kubwa: Hajiya ta yi gaskiya. Na shiga sau ɗaya. In ka faɗa ruwa, kada ka yi ƙoƙarin miƙewa tsaye, ƙafa takan maƙale tsakanin duwatsu ruwa ya danne mutum. Kwanta rigingine, ƙafafu na gaba, har su jefo maka igiya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sagana zan je, in jagoran ya ce ruwan ya fi ƙarfina in haƙura. Fatsar kuma ta jira ni a gida.