Buhun naushi, tiyub ko ƙarfen siminti: wanne zan haɗa da dubu arba'in?

Autan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyon dambe a Kano, bahago ne ni, kuma maigidana ya ce sai bayan kaka zai bari in sa zare, wato in ɗaure hannu in yi dambe, a gaban mutane. Matsalata nauyin hannu. Ina kai duka, amma wanda na buga ko girgiza ba ya yi. Na tara N40,000. Ko dai in kai gidan motsa jiki, ko in haɗa kayana da kaina. Ku lura: ɗaki ɗaya nake haya, silin ne a sama, babu bishiya a tsakar gidan, kuma mai gidan ba ya son a huda masa bango. Sana'ata gyaran waya, da yatsuna nake cin abinci. Ba ƙirji nake nema don hoto ba, ƙarfin mashi nake so, wato hannun da ake kai duka da shi. Wanda ya taɓa haɗawa ya faɗa min me ya yi masa aiki.

Ɗan Gwagwarwa:
Wa alaikumussalam. Abu mai sauƙi. Ka samu buhun shinkafa guda biyu ka zura ɗaya cikin ɗaya, ka cika da yashi, ka rataye a darbejiyar gidanku. Safe da yamma. Wata biyu ka zo ka ba ni labari.

Autan Kurna:
Yaya, na ce babu bishiya.

Oga Ƙarfe:
Bar maganar buhu, ƙarfen ɗagawa za ka haɗa. Ka sayi siminti rabin buhu, tsakuwa kaɗan, bokitin fenti ƙanana guda biyu, sai fayif na ƙarfe mai kauri daga Ƙofar Ruwa. Kafin ka zuba kwaɓin ka sa mai walda ya liƙa guntayen rodi a kan fayif ɗin, in ba haka ba simintin zai riƙa juyawa, wata rana ya zame. Ka zuba gefe ɗaya, ka bari ya kama, kana yayyafa ruwa, sannan ɗaya gefen. Gaba ɗaya ba zai wuce maka dubu goma sha biyar ba.

Mai Faci Na Zariya:
Sha biyar a wace shekara? Buhun siminti kaɗai na saya dubu goma da ɗari biyu kwanan nan, kuma babu mai shagon da zai yanka maka rabi. Fayif ɗin ma yanzu 'yan gwangwan a sikeli suke sayarwa.

Oga Ƙarfe:
Tara da rabi na saya. Kuma wa ya ce shago? Ka je inda ake gini ka ba birkila wani abu ya auna maka a kwano.

Mai Faci Na Zariya:
Wato ka sayi simintin mai gini a hannun birkila. Allah Ya shirya.

Baban Khalifa:
Ƙanena, tunda ka ce gyaran waya kake yi, tsaya ka karanta wannan kafin ka saurari masu cewa yashi. Ni tela ne. Ina da shago, ina da yara uku a ƙarƙashina, aikin surfani na hannu shi ya fi kawo min kuɗi. Wani abokina da ke zuwa gidan dambe ya ce in muna son hannu ya yi tauri sai yashin kogi. Muka ɗebo, muka cika buhu, muka rataye a kangon wani gini. Abin da bai faɗa min ba shi ne yashi yana zama. Kullum kana duka yana gangarowa ƙasa yana danƙarewa, ga damina ta jiƙa shi. Saman buhun ya zama fanko, ƙasan ya zama kamar bulo. Wata safiya na saki dama da iyakar ƙarfina, ba kara (ƙyallen da 'yan dambe ke naɗe hannu da shi), ba bandeji, ta sauka a ƙasan buhun a karkace. Na ji ƙas. Nan take gaɓar ƙaramin yatsana ta lotsa ciki, bayan hannun ya kumbura har ba a ganin jijiya.

Aka kai ni wurin wani mai ɗori da ake ji da shi a unguwar. Ya ja, ya shafa mai, ya jera kara ya ɗaure, ya karɓi kuɗi da zakara. Ya ce kar in yarda in je asibiti, wai za su ce a yanke. Sai da ɗorin ya kama sannan na je aka ɗauki hoto, likita ya nuna min ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa ya haɗe a murɗe. In na dunƙule hannu yanzu yatsan hawa yake kan na kusa da shi. Allura ba ta zama min. A wannan sallar na mayar wa mutane kayansu, yaran suka watse, shagon ma na koma raba haya da wani. Na koma wurin mai ɗorin, ya ce ai ni ne na ci kifi. Abokin kuwa har yau in mun haɗu cewa yake ban iya dunƙule hannu ba ne.

Maman Afra:
Innalillahi. Allah Ya mayar maka da alheri, Baban Khalifa.

Ɗan Gwagwarwa:
Allah Ya kiyaye gaba. Amma ni shekara da shekaru ina dukan yashi ban karye ba.

Baban Khalifa:
Ban karye ba ni ma, sai ranar da na karye.

Nas Ɗan Tudun Wada:
Karayar da yake faɗa muna ganinta sosai, har sunanta karayar ɗan dambe, kodayake yawancin masu zuwa da ita bango suka nausa don fushi. Da an ɗauki hoto tun farko, sau da yawa filasta na 'yan makonni ya isa. Wanda ke Kano ga asibitin ƙashi na Dala nan. Kuma buhunan da ake sayarwa a shago yawancinsu ƙyallaye ne aka danna a ciki, yashin ɗan kaɗan ne a tsakiya don nauyi. Baban Khalifa, guntayen yadin da kuke sharewa a shago su ne kayan cikin buhu na gaskiya.

Baban Khalifa:
Ka ga irinta ko. Ina zubar da su a bola ina zuwa kogi ɗibar yashi.

Koci Taikwando:
Autan Kurna, kusan duk sun bar tambayarka. Ƙarfin naushi daga ƙafar baya yake tasowa, ya bi ƙugu, hannu isarwa kawai yake. Kuma ƙarfen siminti ƙasa yake jan hannunka, alhali naushi gaba yake tafiya, don haka riƙe ƙarfe mai nauyi kana naushin iska gwiwar hannu da kafaɗa kawai zai ci maka. Abu uku za su shiga ɗakinka. Tiyub ɗin babur, a yanke shi a tsaye, ka ɗaura a ƙarfen taga daidai kafaɗa, ka ba shi baya, ka tura mashin kana juya ƙugu. Sau shida zuwa takwas da sauri, ka huta. In gudun hannun ya ragu ka tsaya, ka fita daga neman ƙarfi ka shiga neman gajiya. Na biyu tsohuwar ƙwallo, ka ɗura mata busasshen yashi kilo uku zuwa huɗu, mai faci ya toshe, ka riƙa jifa da ita daga ƙugu a fili. Na uku jarka mai lita 25. Litar ruwa kilo ɗaya ce, kai za ka zaɓi nauyin da kake so, ka rungume ta ka yi tsugune-tashi. Ka yi duka ɓangarorin biyu, kar ka ce hagu kaɗai.

Nas Ɗan Tudun Wada:
A duba tiyub ɗin kullum. In ya fara tsatstsagewa a jefar, kuma kar a bar shi a rana. In ya tsinke ido yake nema.

Mai Faci Na Zariya:
Tsohon tiyub ni ɗari biyar nake bayarwa.

Oga Ƙarfe:
A nan kyauta ake ba mu.

Mai Faci Na Zariya:
Shi ya sa masu facin garinku ba sa yin gida.

Tsohon Ɗan Guramaɗa:
Yara, na karanta duka. Mai farin kaya yana koya wa ɗan dambe yadda ake kisa, wato kai abokin karawa ƙasa. Malam Koci, ka taɓa ɗaura kara? Ka taɓa tsayawa turmi uku kalangu na tashi a kanka? Mu da muka taso a gidan mahauta, cinyar sa muke saɓawa a kafaɗa tun asuba, mu sari ƙashi da gatari, damina mu yi noma, rani mu yi faskare mu ja guga. Babu wanda ya ɗaura roba a taga. Yaro ya nemi gatari da itacen kirya, hannu zai yi nauyi da kansa.

Koci Taikwando:
Baba, da girmamawa, abin da kuka lissafa shi ne abin da na faɗa. Faskare daga ƙafa da ƙugu yake fitowa. Shi wannan yaron a kan benci yake wuni da sukudireba, ba shi da sa, ba shi da rijiya.

Tsohon Ɗan Guramaɗa:
To ya bar dambe ya je wurinku ya yi ta harbin iska.

Na Maraɗi:
Baba a yi haƙuri, harbin iskan nan na taikwando shi ya kawo muna azurfa mu Nijar a gasar Olympics ta Rio a 2016, Alfaga ya ciyo ta, shekarar da ta biyo ya zama zakaran duniya. Ku ma Chika Chukwumerije ya kawo maku tagulla daga Beijing a 2008. Amma nan 'yan kokowa tsohuwar tayar babbar mota suka fi so, su kifa ta su tada, ko su doke ta da guduma. Jika ukku ta sefa na sayi tawa.

Oga Ƙarfe:
Jika uku naira nawa ke nan yau? Kar ka faɗa, hawan jini gare ni.

Maman Afra:
Duk mai neman nauyin hannu ya zo gidanmu, akwai gero tiya biyar na kunun suna, turmi da taɓarya kyauta. Turmi uku ma ba sai ya kai ba.

Ɗan Gwagwarwa:
Hajiya, in akwai fura na yi rajista.

Autan Kurna:
Na gode Koci, na gode Baba. Tagar tawa ta almuniyam ce, ba ta da ƙarfe. Ina zan ɗaura? Kuma har yanzu ba wanda ya ce min komai kan gidan motsa jikin, wanda na tambaya dubu goma sha biyu a wata.

Oga Ƙarfe:
Sha biyu? Namu dubu biyar. Sai dai rabin ƙarafan kayan injin mota ne aka yi wa walda.

Baban Khalifa:
Ni abin da nake so a tambaya, yaron nan in ya gama wahalar, ya shiga fili, hannun ya samu matsala, wa zai biya? Na san wani da aka buge a wani gidan dambe, muƙamuƙi ya goce. Masu ɗauka da waya sun fi ashirin a wurin. Kafin gari ya waye bidiyon ya zaga Facebook da TikTok, ana maimaita faɗuwar a hankali da kiɗa. Kuɗin asibiti uwarsa ce ta sayar da tunkiya.

Tsohon Ɗan Guramaɗa:
Nan kam ka yi gaskiya, ɗana. A da in an buge yaro, uban ɗakinsa ne ke ɗaukarsa, 'yan ɓangarensu su yi karo-karo. Yanzu ana sa mota, ana sa babur, mai gida ya karɓi kuɗin ƙofa, mai kyamara ya karɓi nasa a waje, wanda aka kashe a turmin farko a ba shi kuɗin mota.

Koci Taikwando:
Mu ma haka ne. Ka kai yara gasa da kuɗin aljihunka, su ciyo lamba, ranar hoto kowa ya fito da babbar riga.

Ɗan Gwagwarwa:
Amma fa a yi adalci, in ba don masu bidiyon ba wa zai san 'yan damben yanzu a Legas da Agadas? Ta nan wasu suke samun masu yi musu kyauta.

Baban Khalifa:
Wanda ya yi kisa ake yi wa kyauta. Ina maganar wanda ke ƙasa.

Na Maraɗi:
To wa ya kamata ya biya, mai gidan damben ko ɓangaren yaron? Don nan ma gardamar da ake ke nan duk lokacin da ɗan kokowa ya goce kafaɗa.

Mai Faci Na Zariya:
Ku bari in dawo daga sallah, ina da labarin wani mai gidan dambe da ya ari janaretana.