Wane irin labule ne zai jure ruwa da rana a baranda mai raga?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah shawara nake nema. Muna da baranda a gidanmu nan Kano, tsawonta ƙafa 14, daga kan ɗan ginin ƙasa zuwa sama kuma ƙafa 6, bara maigidan ya sa aka zagaye ta da ragar sauro saboda Hajiya surukata, ita ba ta iya zaman ɗaki da yamma, nan take sallar magariba da isha'i nan take jin rediyonta. Sauro kam Alhamdulillah mun huta amma ragar ba ta tare komai bayan shi. Da damina in hadari ya taso feshi har bakin ƙofar falo, ranar nan ina kicin ruwa ya sauko da iska kafin in fito dardumar Hajiya ta jiƙe sharkaf, keken ɗinkina da ke lungu yanzu duk ƙafarsa ta yi tsatsa. Da hunturu kuma ƙura, ka share da safe kafin azahar kamar ba a taɓa sharewa ba.

Na gwada rataya tsohon labulen ɗaki, wata biyu bai yi ba ya koɗe, ƙasan ya yi baƙin fumfuna yana wari. Na tambayi masu gilashin almuniyom kuɗin da suka faɗa wlh ba ma da shi yanzu. Akwai wani abu mai sauƙin kuɗi da zai tare ruwa da rana, kuma a iya naɗe shi in ana son iska? Gaban barandar gabas yake kallo, gefe ɗaya kuma buɗe yake ta yamma.

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam. Maman Ilham tunda kin ce gabas take kallo to nan matsalar take, hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take zuwa, kin ga duka biyun ta fuska ɗaya suke shigo miki. Ni a Kaduna nake kuma irin wannan na sha fama da shi shekara biyu.

Abin da ya yi min magani ba wajen masu labule na same shi ba, wajen masu ɗinkin rumfar adaidaita sahu ne. Ki lura da labulen da ƴan adaidaita ke saukewa in ana ruwa, tamfol ne aka yanka tsakiya aka ɗinka farar leda mai kauri wadda ake ganin waje ta ciki, to shi na sa aka yi min babba. Su kekensu na ɗinkin abu mai kauri ne, telan kaya ba zai iya ba allura zai ta karyawa. Ki ce maigida ya kai musu awo, amma kar a yi shi falle ɗaya ƙafa 14, a raba uku, in ya zama ɗaya nauyi zai hana ki naɗewa ke kaɗai kuma iska ta fi samun abin kamawa. Kowane falle ya hau kan ɗan uwansa da kamar tafin hannu.

Sai abin da na yi kuskure da farko, ban ɗaure ƙasan ba. Daren da aka yi wani ruwa a watan Agusta ina kwance ina jin shi fat fat fat yana dukan raga, da safe na tarar ragar ta yage daga jikin katako wajen taku biyu, tamfol ɗin kuwa lafiyarsa lau. Daga baya na mayar aka naɗe bakin ƙasan aka ɗinke kamar mazagin wando, na zura fayif ɗin ruwa na roba a ciki, gefe da gefe aka buga zobban ƙarfe ina ɗaurewa da igiya a jikin ƙugiya. Tun daga nan shiru. Kuma ta waje ake rataya shi ba ta ciki ba, in ta ciki ne ruwan ya riga ya wuce raga zai gangaro miki kan siminti.

Anti Bilki:

Ni dai ƴar uwa kar ki rufe ko'ina da tamfol, ki tuna tsohuwa ce ke zama a wurin. Watan Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, leda kuma riƙe zafi take, in rana ta bugi wannan farar ledar ciki zama yake kamar motar da aka rufe gilasanta. Gefen yamman nan asabari za ki sa masa. Iyayenmu da shi suka rayu a ƙofar ɗaki, yana tare rana yana barin iska ta ratsa, na ciki yana ganin na waje na waje ba ya ganin na ciki, ga sutura kenan. Ki leƙa kasuwar Kurmi wajen masu tabarmi da faifai ki tambaya, in babu faɗin da kike so sai ki haɗa biyu ko ki ba da a saƙa miki.

Gaskiya ba zan ɓoye miki ba ruwa mai ƙarfi yana ratsa shi kuma zaren ne ke fara ruɓewa kafin karan. Nawa na shafa masa banish irin na kafintoci, kuma ban bari ya taɓa ƙasa ba saboda gara, na ɗaga shi kamar yatsa huɗu. In ya jiƙe kar ki naɗe sai ya bushe. Kakata Allah ya jiƙanta da bazara ruwa take yayyafa wa nata da la'asar, iskar da ke shigowa sai ka ji ta da sanyi da ƙamshin ciyawa, har yau ina yi.

Abu Sadik Jos:

Akwai kuma koriyar ragar nan ta masu lambu da ake rufa wa tumatir da barkono, a nan Jos ana amfani da ita sosai, irinta ce ake yi wa rumfar mota. Tana zuwa lamba lamba, mai tare rana kashi 50, 70, har 90, ta baranda ki nemi 80 ko 90 ki kuma tambaya ko mai jure rana ce don akwai wadda shekara ɗaya take fara marmashewa. Rana da kallon mutane take tarewa fa, ruwa rage masa ƙarfi kawai take.

Gargaɗi ɗaya, shuɗin tamfol ɗin nan marar nauyi da ake shanya hatsi a kai kar ki saya duk arharsa, rana cinye shi take. Gara tsohuwar banar talla ta manyan allunan titi, tana da kauri kuma dama don zaman waje aka yi ta, aibinta hoton da ke jiki, sai a juya shi waje ko ciki yadda kuka ga dama.

Maman Ilham:

Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baban Khalifa wlh ban taɓa kawo masu adaidaita a raina ba alhali akwai wani mai ɗinkin a bakin titinmu kullum ina wuce shi. Na karanta wa Hajiya maganar asabari ta ce ita dama shi take so tun farko ba a tambaye ta ba ne. To inaga gabas tamfol, yamma asabari. Tambaya ɗaya, farar ledar ba ta tsagewa da hunturu? Kuma wane kala ya fi?

Baban Khalifa:

Tana yin tauri in sanyi ya yi yawa, shi ya sa da sassafe a Disamba da Janairu ba na naɗe ta sai rana ta ɗan ɗaga ta yi laushi, kuma naɗi ake kamar tabarma ba ninki ba, wajen ninkin ne ke fara tsagewa. Ki ce a sa mai kauri, milimita 0.5 in akwai, tagar kuma kar ta yi girma, daidai inda Hajiya za ta ga tsakar gida daga zaune ya isa. A hankali za ta yi ja ja ta dushe, wannan ba makawa, amma ita kaɗai ake farkewa a sake ba duka labulen ba. Goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, busasshe yana karce ta da ƙura. Kala ki ɗau ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske, baƙi zafi yake ja. Kuma ku yi shi kafin ruwan farko, da an shiga Yuni layin ƴan adaidaita kaɗai ya ishi mai ɗinkin.