Neman shawara: in nuna fim ɗin gudun hijirar Biyetnam a taron zagayowar haihuwar ƙawata?

Maman Hanifa, Houston

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, musamman daga waɗanda suka zauna da mutanen Biyetnam ko suka ɗanɗana gudun hijira.

Ina aikin jinya a wani asibiti a nan Houston, kuma ina da abokiyar aiki 'yar asalin Biyetnam da muka shaƙu ƙwarai. Lokacin da na haihu ba ni da dangi a garin nan, ita ta riƙa zuwa tana yi mini girki, tana riƙe jaririya in samu in runtsa. Asabar mai zuwa za ta cika shekara 50, 'ya'yanta sun shirya mata ɗan taro a gida. Sun roƙe ni in yi magana ta minti biyar, kuma in zaɓi abin da za a nuna a talabijin bayan an ci abinci.

To kwanan nan na kalli wani fim na tarihi a kan mutanensu da suka tsere ta teku bayan yaƙi. Hira ce da waɗanda suka tsira, haɗe da tsofaffin hotuna: kwale-kwalen kamun kifi maƙare da mata da yara, ruwan sha ana rabawa da murfin kwalba, gawa ana sakawa a teku saboda babu ƙasar da za a binne ta. Wallahi na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Na san ƙawata tana da shekara 5 aka fito da ita a irin wannan jirgi a 1980. Zuciyata tana ce mini in nuna fim ɗin a taron, don jikoki da baƙi su san irin abin da matar nan ta ratsa kafin ta kai inda take. Maigidana ya ce in bari. Me kuka gani?

Baban Sadik, Kano

Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Ni malamin tarihi ne, bari in ɗan faɗa miki nauyin abin da kike shirin ɗauka. Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, ta faɗi hannun 'yan Arewa ranar 30 ga Afrilu 1975. Sabuwar gwamnati ta kwashe sojoji da ma'aikatan tsohuwar gwamnatin Kudu zuwa sansanonin da ta ce na gyaran tunani ne, an ce musu kwanaki kaɗan za su yi, wasu suka shafe fiye da shekara 10 suna aikin ƙarfi cikin yunwa. Iyalansu aka riƙa turawa yankunan karkara da babu abin yi. Wannan ne ya kori mutane zuwa teku, kuma abin ya fi tsanani a 1978 da 1979, lokacin da aka matsa wa 'yan asalin Sin da ke ƙasar.

Tsakanin 1975 da 1995 kusan mutum 800,000 ne suka isa wata ƙasa da rai ta jirgin ruwa. Waɗanda suka mutu a hanya, ƙiyasin da aka fi ambata ya kama daga 200,000 zuwa 400,000. A mashigin tekun Tailan 'yan fashin teku sun riƙa tare jirage, su kwashe zinare, su ci zarafin mata, wani lokaci su tafi da 'yan mata ba a sake jin labarinsu ba. Da wuya ki sami gidan da ya fito ta wannan hanya bai bar wani a baya ba. Ba ki san wa aka rasa a gidan ƙawarki ba. Shawarata ki bi maganar maigidanki.

Inna Talatu, Maiduguri

'Yata, ki saurare ni. Ni ban san Biyetnam ba, amma na san kwale-kwale. A Baga muke lokacin da aka shigo mana a Janairun 2015. Ta tafkin Chadi muka gudu, muka kwana a tsibiri cikin sauro da sanyi, daga baya aka kai mu sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola a ƙasar Chadi. Har yau in na ji ƙarar injin jirgin ruwa, ko a rediyo ne, sai cikina ya juya.

Ranar sunan jikata wani baƙo mai kyakkyawar niyya ya buɗe wayarsa yana nuna wa mutane bidiyon Baga, yana cewa ku ga abin da baiwar Allah nan ta tsallake. Kowa ya juyo yana kallona da tausayi. Na tashi na shige ɗaki, ban ƙara fitowa ba har aka watse. Ban riƙe shi a zuciya ba, amma ranar farin cikina ce, na yi ado, na dafa abinci da hannuna, ina so a gan ni a matsayin kaka, ba 'yar gudun hijira ba.

Ba wai ba na ba da labarin ba ne. Ina bayarwa, amma lokacin da na ga dama, ga wanda na ga dama, kuma in tsaya inda na ga dama. Fim kuwa in ya fara ba ya tsayawa, ga jama'a, ga yara, babu inda mutum zai ɓoye fuskarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kukan da kika yi alheri ne, Allah ya saka miki, amma ki riƙe shi a wurinki tukuna.

Abdul Terengganu

Ni ina karatu a Malesiya, kuma tsibirin Bidong, inda aka yi sansanin 'yan gudun hijirar Biyetnam, yana gaɓar jihar da nake. Ɗan ƙaramin tsibiri ne, amma a tsakiyar 1979 mutum kusan 40,000 ne a kansa. Sai a 1991 aka rufe sansanin. Abin da ya sa na kawo wannan, Anti, har yanzu waɗanda suka zauna a can suna dawowa daga Amurka da Ostireliya da 'ya'yansu, su ziyarci kaburbura, su nuna musu inda bukkarsu take. Ke nan akwai masu son a tuna, har suna jin haushin yaransu ba su san komai ba. Kada mu yanke musu hukunci cewa duka shiru suke so. Ki kira babbar 'yarta ki tambaye ta, ita ta san halin gidansu.

Abu Safiyya

Ban ga wanda ya taɓo batun halartar bikin ba. Malamai sun saɓa a kai, wasu sun hana, wasu sun sauƙaƙa in don kyautata maƙwabtaka ne kuma babu saɓo a wurin. Ki tambayi malamin da kika amince da shi. In za ki je, ki kula da abinci, domin naman alade yana da yawa a girkinsu, har cikin romo.

Maman Hanifa, Houston

Na gode ƙwarai. Malam, ta san abin da nake ci da wanda ba na ci, kullum kifi da jatan lande take ware mini a tukunya daban. Inna, maganarki ta shige ni. Akwai abin da ban faɗa ba: mahaifiyarta tana da rai, ta haura 80, kuma za ta zo. Sau ɗaya tak ƙawata ta taɓa ce mini su uku yara aka shiga jirgi da su, su biyu suka sauka. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta ƙara ba. To in na ajiye fim ɗin, me zan faɗa a minti biyar ɗin? Ina jin kamar in ban ambaci tarihinta ba na rage mata daraja.

Anti Bilki, Toronto

Ƙanwata, wannan bayani da kika ƙara ya isa amsa. Uwar da ta rasa ɗa a teku ba za a zaunar da ita gaban talabijin cikin baƙi a nuna mata teku ba.

Mu nan Kanada an karɓi kusan mutum 60,000 daga Biyetnam da maƙwabtanta a 1979 da 1980, da yawansu coci-coci da iyalai ne suka ɗauki nauyinsu, har aka ba al'ummar ƙasar lambar yabo ta Nansen, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa don taimakon 'yan gudun hijira, a 1986. Maƙwabciyata tana cikinsu, mun shekara da shekaru muna gaisawa ta kan shinge. Abin da na koya a wurinta shi ne mamatansu suna da ranarsu. Kowace shekara, ranar da mutum ya rasu, dangi sukan taru a dafa abincin da yake so, a kunna turare gaban hotonsa. A al'adarsu ta dā wannan rana ta fi ranar haihuwa muhimmanci, don shekaru ma a sabuwar shekararsu ta Tet ake ƙara wa kowa. Saboda haka kada ki ji tsoron an manta da yaron nan.

Sai siyasa. Waɗanda suka gudo suna riƙe da tutar Kudu, rawaya mai jan layi uku, kuma 30 ga Afrilu ranar makoki ce a wurinsu, alhali a can gida ranar bikin haɗewar ƙasa ce. In akwai suruki ko baƙon da ya zo daga Biyetnam kwanan nan, fim irin wannan yana iya raba falon gida biyu.

Maganar minti biyar kuwa, ai kin riga kin rubuta ta a sama. Ki faɗi ranar da kika haihu ba ki da kowa, da matar da ta ƙwanƙwasa miki ƙofa da kwanon miya. Wannan ke kaɗai ce shaidarsa, babu wanda zai faɗe shi in ba ke ba. In kin shiga ki fara gaida tsohuwar kafin kowa, kuma duk abin da za ki miƙa mata ki miƙa da hannu biyu.

Maman Hanifa, Houston

Na kira babbar 'yarta kamar yadda Abdul ya ce. Ta ce kakarsu ko labarai aka nuna jirgin 'yan ci-rani a tekun Bahar Rum tashi take yi ta bar falon, don haka batun fim ya mutu. Amma ta ce ita kanta tana son ta gani, in tura mata sunansa, wataƙila wata rana ta tambayi mahaifiyarta ko za su kalla su biyu. A taron za mu nuna hotunan gida ne: na makaranta, na aure, da na jirgin kamun jatan lande da mahaifinta ya yi aiki a kai a Galveston bayan sun iso. Ta kuma ce in zo da dambun kaza irin wanda na taɓa kai musu, kakar ta yaba shi. Mutum 30 ake sa rai, masu girki kaji nawa kuke ganin za su isa?