Neman shawara: ina zan ci gasasshen nama a Seoul da dare ba tare da na haɗu da alade ba?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sayen motoci na hannu ya kawo ni Koriya ta Kudu. Yini nake a Incheon, masaukina kuma yana Seoul, kafin in dawo dare ya raba ga yunwa. Dillalin da muke hulɗa da shi ya matsa sai ya kai ni gidan gashin nama irin nasu, wanda murhu yake tsakiyar tebur kowa ya gasa da hannunsa. Ina son zuwa, amma alade da giya nake tsoro. Ina ya kamata mu nufa? Kuma me ake samu bayan sha biyun dare?

Ɗalibi a Seoul: Wa alaikumus salam Alhaji. Tsoronka yana kan hanya, domin abin da Bakoriye ya fi gasawa shi ne samgyeopsal, naman cikin alade ne mai kitse. In ka bar wa dillalin zaɓi, can zai kai ka da zuciya ɗaya. Ko galbi, wato haƙarƙari, akwai na sa akwai na alade, sai ka tambaya. Riƙe waɗannan: dwaeji alade, sogogi naman sa, dak kaza, yang tunkiya. Ni dai shawarata kai za ka ja shi, ba shi zai ja ka ba. Ku hau jirgin ƙasa layi na 6 zuwa unguwar Itaewon, ku fita ƙofa ta 3, ku haura tudun da ke kaiwa babban masallacin da aka buɗe a 1976. Gidajen abincin halal na Koriya sun fi yawa a nan. Duba manhajar taswira ta Naver Map kafin ku fita, Google ba ya nuna hanya da kyau a ƙasar nan.

Hajiya mai saron kaya a Dongdaemun: Ƙanina, ƙara da wannan. Naman da aka jiƙa a miya, irin bulgogi, sau da yawa akwai giyar girki a cikin haɗin. Ka nemi wanda ba a jiƙa ba, ka tsoma a man riɗi da gishiri, wallahi ya fi ma daɗi. Za su cika maka tebur da ƙananan kwanuka, kimchi (kabeji mai tsami da yaji) da tafarnuwa da ganyen latas, duk kyauta, in ya ƙare ka danna ƙararrawar da ke gefen tebur a ƙaro. Naman da almakashi ake yanka shi a kan wayar gashi yana gasuwa, ka ɗora a ganye, ka sa ɗan ssamjang (haɗin waken soya da barkono), ka naɗe, loma ɗaya. Ba a gutsura. Kuma yawancinsu ba sa sayar da kason mutum ɗaya, daga biyu ake farawa, to gara da kuke ku biyu.

Wani ɗan uwa: Ku kai shi kasuwar nama ta Majang-dong mana. Ka zaɓi hanwoo, wato naman shanun Koriya, da idonka, ka hau bene a ba ka murhu. Tsada dai akwai.

Ɗalibi a Seoul: Yaya, naman sa ne amma wa ya yanka? Majang ba yankan Musulmi ba ne.

Wani ɗan uwa: Ai da yawan naman san da ke gidajen abinci daga Amurka da Ostireliya yake zuwa, wasu malamai sun sauƙaƙa.

Malamin Islamiyya: Hanwoo dai san Koriya ne, a gida ake yanka shi, wannan hujjar ba ta hau kansa ba. Na waje kuwa akwai saɓani, kowa ya bi malamin da ya yarda da shi. Alhaji, kula da takardar da ke bakin ƙofa. Hukumar yawon buɗe idonsu ta kasa gidajen kashi 4: mai shaidar halal, wanda mai gidan Musulmi ne ya shaidi kansa, mai wasu abincin halal amma yana iya sayar da giya, da wanda alade kawai ya cire. Na ƙarshen nan bai ce maka komai kan yanka ba.

Hajiya: Maganar dare kuma, kada ka dogara da Itaewon, gidajen halal ɗin ba sa kaiwa tsakar dare. Ni in na tashi daga saro, abin teku nake nema. Kasuwar kifi ta Noryangjin ba ta barci. A rumfunan bakin titi ka guji sundae, hanjin alade ne aka cusa wa jini. In duk ta ƙi, shagunan CU da GS25 a buɗe suke kwana, ga dafaffen ƙwai da ayaba da dafaffiyar shinkafa a cikin roba, amma taliyar da ake sayarwa a cikin kofi sai ka karanta bayanta. Jirgi yana tsayawa wajen sha biyu zuwa ɗaya, daga nan sai bas mai harafin N ko tasi ta Kakao T, kuɗin dare kuma ya fi na rana.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Saura soju, giyarsu, in ya zuba mini fa?

Ɗalibi a Seoul: Gaya masa tun kafin ku zauna cewa addini ne, suna girmama wannan. Ka sa a kawo maka Chilsung Cider, lemo ne zalla duk da sunan. In kofinsa ya ƙare zai so a cika masa, wannan ka bar wa wani. Kuɗi a kanta ake biya wajen fita, ba a barin tukuici.