"In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta..." har da sanƙo a ciki?

Autan Gida: Salam jama'a, musu ne ya haɗa ni da yayana nake so ku raba mu. Shi dai sanƙo ya fara cin gaban kansa tun yana shekara 27, yanzu tsakiyar kan ma sai ƙyalli, babanmu ma haka yake. Jiya ya kama ni ina leƙa goshina a madubi sai ya ce wai in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, wai in tashi in nemi magani tun yanzu. Ni kuma na ce masa ba nan ne muhallin karin maganar ba, wuta tsautsayi ce ana iya kauce mata, sanƙo kuwa gado ne, wane ruwa zan shafa wa gado fisabilillahi?

Kawu Dattijo: Ɗana kai ka fi gaskiya. Ana yin wannan magana ne in abu ya sami na kusa da kai kuma akwai dabarar da za ka yi kar ya tsallako kanka, kamar a ce ɓarayi sun shiga gidan maƙwabci sai kai ka gyara ƙyauren naka. Abin da ke cikin jini ba tsallakowa yake ba, da ma can yana ciki. Da cewa ya yi barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe da ya fi dacewa.

Mai Nazari: Allah ya ƙara girma Kawu amma barewa ai a kan hali da ƙwarewa ake kawo ta, ɗan malami ya tashi da karatu ko ɗan maƙeri ya iya ƙira. Ban taɓa jin an yi ta a kan halittar jiki ba, in ba haka ba har dogon hanci sai mu ce barewa.

Ɗan Barkwanci: To kyan ɗa ya gaji ubansa kenan, Auta ka yi haƙuri ka karɓi rabonka, wasu gida suka gada kai ka gaji fili hhhh

Ɗalibar Likitanci: Kawu ka yi min afuwa, ni a ganina Yaya ne ya ajiye maganar daidai inda take. Ku lura ba a ce gemun baƙo ba, ɗan'uwa aka ce, wanda abin da ya same shi ya fi kusa da samunka. Gado ne kam ba musu, kuma ba ta wajen uba kaɗai ba, ta wajen uwa ma yana zuwa, don haka Auta ka duba kan kawunnanka su ma. Amma yadda abin yake aiki shi ne jikin namiji yana juya wani kaso na sinadarin testosteron ya koma wani da ake kira DHT, shi kuma wannan in mutum ya gaji raunin sai ya riƙa tsuke tushen gashin gaban kai da na tsakiya a hankali, kowane gashi da zai sake fitowa ya fi na baya siriri da gajarta har a wayi gari ya daina fitowa. Na ƙeya da na gefe ba su cika jin sa ba shi ya sa su ke saura. Tun 1942 wani masanin halittar jiki a Amurka mai suna James Hamilton ya nuna cewa mazan da aka yi wa dandaƙa kafin su balaga ba sa yin irin wannan sanƙon. Kun ga kenan wuta ce, sai dai mai ci a hankali shekara da shekaru, kuma ruwan shafawa akwai shi. Minoksidil na shafawa ne, asalinsa ma maganin hawan jini ne aka lura masu sha suna fitar da gashi, aka amince da shi don gashi a Amurka a 1988. Finasteraid ƙwaya ce mai rage DHT, ita kuma an amince da ita don gashi a 1997. Duk biyun sun fi aiki a kan tushen da yake da sauran rai, inda ya riga ya zama tas sai dai dashe, a ciro daga ƙeya a dasa a gaba.

Kawu Dattijo: To 'yata in haka ne na sassauta, amma ban janye duka ba. Wanda ya shafa wa gemu ruwa sau ɗaya ya tsira. Wannan naku fa?

Ɗalibar Likitanci: Nan kam ka kama ni Kawu. Sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin a ga alama, kuma ranar da aka daina, cikin 'yan watanni abin da aka tare zai koma zubewa. Ruwa ne na kullum.

Mai Aski: Ni kullum kawunan mutane nake kallo ta sama inda su ba sa gani. Kafin mutum ya sani ni na sani, za ka ga gashin tsakiyar kai ya yi laushi ya koɗe kamar na jariri, in ka haska fitila fata tana leƙowa ta ƙasa, alhali na ƙeya yana nan da kaurinsa. Sai ya ce min in yi masa ƙwal-kwabo wai zai fito da yawa, wallahi ba ya ƙara ko silli ɗaya, aska ba ta kai wa tushe. Ni dai nawa karin maganar aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, don a nan ake fara rigima da ni wai na ci musu layi alhali layin ne ya gudu da kansa.

Kawu Dattijo: Kai Mai Aski kar ka ɓata mana magana, wannan ana yin ta ne in aiki ya zo ƙarshe, wahalarsa ta fi tsanani. Ba ruwanta da goshin kowa.

Ba Suna: Ni wadda zan ƙara ita ce garin neman gira a rasa ido. Na taɓa sayen wani haɗi a intanet da hoton kafin da bayan, kwana huɗu ina shafawa fatar kaina ta yi ja ta ɗaɗe tana ruwa, sati biyu ban iya sa hula ba. Gashi ko ɗaya bai fito ba. Ba kowane ruwa ake shafawa ba wani fetur ne.

Ɗalibar Likitanci: Sannu Malam. Ko na gaskiyan ma a ga likita tukuna, finasteraid yana rage wa wasu maza kaɗan sha'awa ko ƙarfin gaba, kuma mace mai ciki ba a so ta taɓa ƙwayar da ta fashe. Minoksidil kuma yana sa wasu ƙaiƙayi, a farko ma gashin kan ƙara zuba kafin ya daidaita.

Maman Yara: Ku dai a tabbatar wutar ce kafin a kwarara ruwa. Maigidana ya yi zazzaɓi mai zafi, bayan kamar wata 3 sai gashi ya riƙa cika matashin kai da mataji, hankalinsa ya tashi ya ce shi kenan sanƙo, ashe na ciwon ne, da kansa ya dawo. Akwai kuma wanda yake cin wuri zagaye kamar kwabo, da makero, duk maganinsu daban. Kuma don Allah a daina ɗora wa hula laifi.

Ɗalibar Likitanci: Haka ne Mama, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ma yana jawowa. Kuma zubar gashi 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, kowa yana yi.

Autan Gida: To na gode, da alama Yaya ya ci rabi Kawu ya ci rabi ni ban ci komai ba. Na sa ƙanwata ta ɗauki hoton tsakiyar kaina yanzun nan, kuma abin da Mai Aski ya faɗa na laushin nan kamar na gan shi. Kar wanda ya gaya wa Yaya tukuna.

Mai Aski: Ai shi ta sama yake kallonka in ya fi ka tsawo, ya riga ka gani.