Lakar yayata ta lanƙwasa, likitoci sun saɓa

Assalamu alaikum. Likitocin laka, a taimaka mana.

Yayata ce, shekararta 46, muna Kaduna. Ƙafarta ta dama ta yi nauyi, jan ta take, silifas ma zamewa yake. Ta hagu kuwa da ƙarfinta, amma ba ta jin zafi ko sanyi: ruwan zafi ya zubo mata, ba ta sani ba sai da fata ta tashi. Ba faɗuwa, ba haɗari.

Da farko an ce sanyin ƙashi ne, aka yi ta magani da gashi, abin sai gaba yake. Hoton ƙugu bai nuna komai ba. Hoton MRI na tsakiyar baya ne ya nuna lakar ta lanƙwasa gaba daidai T5, wato gaɓa ta biyar ta ƙashin baya a saitin ƙirji.

Likita ɗaya ya ce lakar ta zurma wata ɓula a tantanin da ya lulluɓe ta, sai an buɗe an mayar da ita an toshe. Wani ya ce ƙila jakar ruwa ce ke turo ta daga baya. Ga fitsari ya fara kuɓuce mata.

Shin hoton CT da ake sa rini a ruwan laka zai raba gardamar kafin mu sa hannu a tiyata?