Hatsi, tsaba ko cimaka: me za mu kira «céréales»?

Jama'a, ku kawo mini ɗauki. Jiya a gidan rediyo aka miƙo mini alƙalumman FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, in juya su Hausa, na ci karo da kalmar Faransanci «céréales», na ce hatsi. Ban fito ba Baba ya bugo waya: "Kai, a wace gona aka noma hatsi tan miliyar kusan 3?" Da gaskiyarsa. A Maraɗi in ka ce hatsi, gero kake nufi, shi kuwa gero duk duniya wajen tan miliyan 30 ne a shekara, Indiya ke gaba, Nijar na sahun farko. Masara ce ke cika lissafin, tan miliyar 1 da miliyan 200, Amurka da Sin da Brazil ke jan ta, sai alkama da shinkafa, kowace na kusa da miliyan 800.

Wani mushe (malamin makaranta) daga Tasawa: Ɗan'uwa, ka ce cimaka ka huta.

Ni: Mushe, cimaka ta yi faɗi. Rogo cimaka ne, dankali ma haka, kuma ba su cikin wannan lissafi.

Wata hajiya mai awo a babbar kasuwa: Ɗana, mu tsaba muke cewa. An sussuke, an sheƙe, an zuba a tiya, tsaba ke nan.

Mushen: Hajiya, ai wake ma in an casa shi tsaba ne, gujiya ma haka. Nasara kuwa ya ware su gefe guda.

Wani ɗalibin noma daga jami'a: To a ce masu zangarniya.

Hajiyar: Masara fa? Goyo take yi, yaro. Ka taɓa ganin zangarniyar masara a rumbu?

Ni: Wannan ta kashe bakin kowa, na yi dariya har shayina ya huce. Ni dai "dangin hatsi" ta fi kwanta mini. Mutumin Kano da ke kiran gero da dawa hatsi zai gane, mu ma gero bai rasa sunansa ba, alkama da shinkafa da masara da acca duk sun samu wurin zama. Ta ɗan yi tsawo a baki, amma gobe da ita zan karanta labaran safe, in ji ko Baba zai sake bugowa.